Iskar da Na Ƙara wa Tayoyin Usta

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce na rataya 'yar jakata, na fito daga gidanmu na ɗalibai a unguwar Darrasa, nan Alƙahira. Sanyi ake yi irin mai shiga ta ƙasan jallabiya. Kantunan littattafai duk a rufe suke, mai gasa gurasa ne kaɗai ya riga kowa kunna wuta. Da yawanku da kuka ga hoton da na saka kun tambaye ni abin da ya kai ɗalibin fiƙihu filin tseren motoci. To ga yadda aka yi, kuma ba duka ne ke da daɗin faɗa ba.

Wanda ya gayyace ni wani bawan Allah ne da kowa ke kira Usta, wato gwanin kanikanci a bakin Misirawa. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro shi Alƙahira. Matarsa da 'ya'yansa uku suna Aswan a raɓe a gidan wani ɗan'uwa, shi kuma yana aiki a wani gareji a unguwar Faisal, yana kwana a kan doguwar kujerar ofishin garejin. Mun saba ne a wurin mai shayi, ranar da ya ji ina waya da Hausa ya juyo ya ce, "Ya zol, bawan Allah, kai ɗan ina ne?" Tun daga ranar yake ce mini Malam, ni kuma ina ce masa Kawu.

Mai garejin wani dattijon Bamisire ne da ake ce wa Haj. Tsohon ɗan tsere ne, ciwon baya ya sauke shi daga mota amma bai cire masa son abin ba. A bana sai ya ɗora Usta a kan motarsa a gasar shekara. Tseren ba na zagaye fili ba ne. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen titi mai tsawon mita ɗari huɗu da 'yan kai, fitila ta ba su hannu, wanda ya riga isa ya wuce gaba, ɗayan ya koma gida. Ana haɗuwa sau da yawa a shekara ana tara maki, kuma wannan Asabar ita ce haɗuwar ƙarshe. Haj ya yi wa Usta alkawari a gaban ma'aikata: idan ya ɗauko kofin rukuninsu, zai ba shi gidan da ke saman garejin, ɗaki biyu da falo, ya kawo iyalinsa. Idan babu kofi, gidan na ɗan ƙanen Haj ne da ke shirin aure. Makin Usta kusan ɗaya yake da na wani likitan haƙori daga unguwar Mohandessin, don haka duk wanda ya fi ɗan'uwansa nisa a ranar, kofi nasa ne.

Daga Darrasa na shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin nan ta haya, zuwa Ataba. Na sauka na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Faisal, na sake hawa wata mikrobas. Kuɗin mota ya sake ƙaruwa, kuma har yanzu babu kwandasta, fasinjoji ne ke miƙa wa juna kuɗin daga baya har ya isa hannun direba. Shi kuma da hannu ɗaya yake karɓa, ɗayan yana riƙe da kofin shayi, sitiyari dai sai ikon Allah. Na ce a raina tun ban isa filin tsere ba ga shi an fara.

Na tarar har sun ɗora motar a kan winsh, babbar motar da ke ɗaukar mota a bayanta. Tsohuwar motar Jamus ce mai ƙofa biyu, shuɗiya, an kwashe duk kujerunta sai ta direba, an kewaye cikinta da bututun ƙarfe. Babu rediyo, babu abin sanyaya ciki, ko darduma babu. Da a gida ne, dillali ba zai ko tsaya kallonta ba. Amma da Usta ya ɗaga murfin injin don ya nuna mini, sai na ga wurin ya fi ɗakin girkinmu tsabta nesa ba kusa ba. Shi ya haɗa injin da hannunsa, guntu-guntu, bayan an tashi daga aiki.

Haj ne ya ja winsh ɗin. Mu uku a gaba, ni a tsakiya, gwiwata na karo da giya duk lokacin da ya canza ta. Muka hau Da'iri, babban titin da ya yi wa Alƙahira zobe. Hagu da dama dogayen gidaje ne na jan bulo da ba a yi wa shafe ba, rodi a tsaye a kan kowane rufi yana jiran ranar da za a ƙara hawa, ga akurkin tattabaru na katako a can sama. Da muka zo ƙetare Nilu hazo ya kwanta a kan ruwa, a ƙasan gada manoma na yankar ciyawa suna ɗora wa jaki kamar ba a tsakiyar birni suke ba. Shekarata huɗu a garin nan, amma rayuwata daga ɗaki ce zuwa aji zuwa masallaci, sai ranar na san cewa rabin garin ban taɓa ganinsa ba.

Kafin mu fita gari muka tsaya karin kumallo a wurin wani mai amalanke. Ful, wato dafaffen wake da mai da lemon tsami, da ta'amiyya, ƙosansu mai kore a ciki, da gurasa mai zafi. Da na zo biya, mutumin ya ɗora hannu a ƙirji ya ce in bar shi. Sababbin zuwa ku kiyaye, wannan "bar shi" gaisuwa ce kawai. Ka yi godiya, ka miƙa kuɗinsa. Usta loma biyu ya yi ya ture kwanon. Haj ya yi ta tsokanarsa wai ya rage ci ne don kada ya yi wa mota nauyi, shi kuwa murmushi kawai yake yi, yana ta duba wayarsa.

Daga nan muka kama hanyar da ke gangarawa Bahar Maliya. Gidaje suka ƙare, aka shiga masana'antun siminti da wuraren fasa dutse, sai kuma hamada tsura. Titin faffaɗa ne, sumul, ba rami ko ɗaya, abin da ya sa na tuna hanyoyinmu na yi ajiyar zuciya. Manyan alluna na tallan gidajen da ba a gina ba tukuna sun jeru, kowane da hoton korayen bishiyoyi da tafki, a bayansa kuwa yashi ne iya ganinka. Muka biya kuɗin ƙofa, muka ƙara tafiya kamar ta rabin awa, Haj ya karya kwana zuwa dama.

Tun kafin a ga filin ake jin sa. Ƙara ce da ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har a ƙirji kake jin ta. An kafa rumfuna a jere, kowace ƙungiya da motarta da kayan aikinta. Wasu sun zo da manyan motoci masu ɗakin hutawa da ma'aikata cikin riguna iri ɗaya. Mu kuwa rumfarmu tamfol ne da aka ɗaura a jikin winsh, da akwatin sifanu, da tulun shayi. Jama'a kala-kala: samari 'yan gata masu baƙin tabarau, magidanta da iyalansu, jarirai da aka toshe musu kunne. Komai na ci da sha kuɗinsa ya ninka na cikin gari sau uku, har ruwa. Titin tseren kuma feshe shi ake yi da wani irin danƙo. Da aka ba mutane dama su taka shi kafin a fara, sai ya riƙe mini silifa ɗaya, na yi gaba da ƙafa tsirara, yara na dariya.

Usta ya ce in hau wurin 'yan kallo don in fi gani da kyau, na hau. Daga can na fahimci tsarin. Kowace mota sai ta fara tsayawa a wani wuri da aka zuba ruwa, direba ya murza tayoyin baya a wuri guda har hayaƙi ya turnuƙe, don su yi zafi. Sannan su matso layi a hankali. A tsakaninsu akwai wata sanda mai jerin fitilu, rawaya su sauko ɗaya bayan ɗaya, sai koriya. Wanda ya tashi kafin koriya ya faɗi tun bai je ko'ina ba. Duka tseren bai kai tsawon karanta Fatiha ba. Mutum ya yi wata guda yana aiki saboda wannan ɗan lokacin.

Sau uku Usta ya fito kafin azahar, sau uku yana cinyewa. Mutumin da ko a magana ba ya ɗaga murya, sai ga shi koriya na kamawa ya ɓace kamar an harba shi. A na ukun ban san sanda na miƙe ina ihu da Hausa ba, wani Bamisire a gefena yana taya ni ba tare da ya san me nake cewa ba. Likitan haƙorin ma, cikin farar motarsa mai sheƙi, ya kayar da nasa ukun. Saura su biyu ke nan, kuma aka ce za a yi na ƙarshe bayan hutun sallah.

Na sauko da koshari leda uku, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa. Muka yi sallah a kan tamfol. Muna idarwa aka yi shela cewa direbobin biyu su je rumfar alƙalai a raba musu layi. Haj ya ce zai bi shi don kada a cuce su. Usta ya juyo ya ce mini, "Malam, ka tsare mana mota. Kada ka bar kowa ya taɓa ta."

Na tsare ta kuwa. Wasu samari sun zo za su jingina da ita su ɗauki hoto, na kore su. Ina zagaya ta kamar soja, sai idona ya faɗa kan tayar baya. Ta yi laushi. Gefenta har ya tattare, ƙasanta ya baje. Na danna da babban yatsa, ta lotsa. Na zaga ɗaya gefen, ita ma haka.  Ni fa a jikin shagon mai faci na girma a Zariya, na sha riƙe masa tiyo ina yaro, kuma idan akwai abu ɗaya da na tabbata na sani game da mota, shi ne taya mai sanyi ba ta gudu. Na ce lallai tseren nan uku ne suka sace musu iska, kuma Allah ne ya nufa in gani kafin lokaci ya ƙure. Na tuno yaran nan uku a Aswan, na ce ba za a yi haka ina tsaye ba.

Na je rumfar maƙwabta na roƙi aron famfon iska da Larabcina na littafi, wanda kullum ke sa Misirawa murmushi kamar sun ga mai wa'azin rediyo. Makanikensu ya yi mini wata tambaya da sauri-sauri, na tsinci kalmar winsh a ciki, ban gane sauran ba, na dai gyaɗa kai. Daga baya na fahimci tambayata yake yi ko tayar winsh zan hura. Na ja famfon na zo na durƙusa. Na ba kowace taya iska har ta miƙe ta yi tsam, na ƙwanƙwasa na ji ta amsa yadda mai facinmu ya koya mini. Na mayar da famfon, na zauna ina cin koshari da nishaɗi. Har na tsara cewa ba zan faɗa ba sai an ɗauko kofi, sannan in ba da labarin yadda na ceci rana.

Sai ga su sun dawo da gudu-gudu. Iska ta fara tasowa da yashi, alƙalai sun ce a yi na ƙarshen yanzu-yanzu kafin titi ya ɓaci. Usta ya riga ya auna komai kafin sallah, kuma ya bar amintacce a kan mota. Ya zura hular kwano, ya shiga, ya tayar. Haj ya ja hannuna muka bi shi a ƙafa har bayan layi, inda 'yan ƙungiya ke tsayawa.

Da ya murza tayoyin a cikin ruwa na ga ya juyo da kansa yana neman Haj, kamar mai son faɗin wani abu. Amma farar motar ta riga ta matsa layi, mai tuta yana kiransa, kuma idan ka shiga nan babu komawa baya. Haj ya yi masa alama da hannu, yalla, wato ya tafi kawai. Fitilu suka sauko. Usta ne ya riga tashi, kowa ya gani. Sai dai motar ba ta tafi ba. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri guda suna hayaƙi, gindin motar ya goce hagu, ya dawo dama, ta nufi katangar siminti gadan-gadan. Na rufe ido ina salati. Da na buɗe, ya sassauta mata ya miƙe ta, tazararsa da katangar ba ta fi kamu ɗaya ba. Farar motar kuwa tuni ta kai.

Usta ya dawo rumfa a hankali. Ya cire hular, ya ɗauko abin auna iska ya durƙusa a gaban tayar hagu. Ya duba. Ya zaga ta dama ya duba. Sannan ya ɗago ya kalli hannayena, da har yanzu baƙin roba ke jikinsu. Kallo ɗaya ya yi ya kawar da kai.

Haj ya fizge abin aunawar ya duba da kansa, fuskarsa ta yi ja. "Wa ya yi wannan?"

"Taya aikina ce, ya Haj," in ji Usta.

Haj ya buɗe wuta. Ya ce shekara guda ya ɗauki motarsa da sunansa ya damƙa wa mutumin da ko iskar taya bai iya aunawa ba. Ya ce wanda ya fara koyon aiki jiya ba zai yi wannan ba, kuma daga gobe Usta ya koma canjin baƙin mai, nan ne matsayinsa. Mutanen rumfunan kusa suka taru suna kallo. Usta yana tsaye, kansa a ƙasa, yana goge hannu da tsumma.

Da Haj ya yi gaba yana huci, na matsa na ce a hankali, "Kawu, ba sanyi suka yi ba?"

Ya ce, "Da gangan ake rage musu, Malam. Sai ta yi laushi take baje ta kama ƙasa, kamar tafin raƙumi a yashi. Idan ta yi tauri sulɓewa take yi." Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Khalas, ya wuce. Ka yi shiru. Kai baƙona ne."

Gyaran gangar Auzinawa ke nan na yi. Kuma abin da ya fi ba ni kunya yanzu da nake rubutawa shi ne na yi shirun. Ina tsaye aka kira likitan ya ɗaga kofi, aka miƙa wa Usta ɗan ƙaramin allo na wanda ya zo na biyu. Likitan mutumin kirki ne, ya tako har rumfarmu ya rungume Usta, ya ce ya ga yadda ya riga shi tashi, yau dai rabo ne. Ina tsaye aka ɗora mota a winsh aka ɗaure ta. Tsoron Haj nake ji, ga kunya, kuma na samu mafaka a cikin maganar Usta na ɓuya.

Muka kamo hanyar gida. Ni a tsakiya kamar da safe, sai dai yanzu babu mai tsokanar wani. Yashi na kaɗawa a kan titi, allunan gidajen nan na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wayar Usta ta yi ƙara sau biyu a aljihunsa, bai ɗauka ba, kuma duk mun san mai kiran. Ban taɓa jin tafiyar da ta yi mini tsawo kamar wannan ba.

Muka tsaya sallar la'asar a wani masallacin gidan mai. Ni suka tura na ja sallar, don ni ne ɗalibi, kuma wannan ne ya ƙarasa ni. Ina sallamewa na juya na fuskanci Haj tun bai miƙe ba, na faɗa masa komai: laushin da na gani, famfon da na aro, da shirun da na yi. Usta ya taɓa gwiwata, ban tsaya ba.

Haj ya daɗe yana kallona. Ya sa na maimaita. Sannan ya yi wata 'yar dariya da babu daɗi a cikinta.

"Ya Shehi, me kake karantawa?"

"Fiƙihu."

"A fiƙihun naku, idan mutum bai san abu ba, me yake yi?"

"Tambaya yake yi," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya juya wurin Usta. "Kai kuma ka sani, ka bar ni ina ci maka mutunci a gaban jama'a?"

"Ni na kawo shi, ya Haj. Ni na bar masa mota ban yi masa bayani ba, ni ne kuma ban sake aunawa ba."

Dattijon nan da ciwon bayansa ya yunƙura da ƙyar, ya kama kan Usta da hannu biyu ya sumbace shi. Haka Misirawa ke ba da haƙuri idan sun san sun yi laifi babba. Ya ce ya janye duk abin da ya faɗa, zai kuma maimaita janyewar a gaban ma'aikata, kuma baɗi ma Usta ne zai ja motar. Ganin haka na samu ƙarfin gwiwa, na ce to batun gidan fa, tunda laifin nawa ne ba nasa ba.

Ya girgiza kai. "Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Shehi. Na ba ƙanena magana a gaban mahaifiyarmu, idan babu kofi gida na ɗansa ne. Yadda zan cika wa Usta da ya ci, haka zan cika masa shi ma. Kofi kuwa yana Mohandessin."

Usta ya ce hakan shi ne daidai. Shi ya fara miƙewa ya ɗauko mana takalma.

Ana kiran magariba muka shigo Faisal, cikin cunkoson mikrobas da hayaƙin masu gasa masara. Muka sauke motar muka tura ta ciki. Wayar Usta ta sake ƙara, wannan karon ya ɗauka, ya koma bakin ƙofar gareji. Ban yi niyyar saurare ba, amma da Hausa yake magana, kuma a titin nan kaf ni kaɗai ne zan gane.

"Na biyu muka zo, alhamdu lillahi. Lafiyata lau, ko ƙwarzane babu." Ya saurari matarsa. "Taya ce ta sulɓe. Haka tsere yake." Ya daɗe yana sauraronta. Daga baya na ji ashe tun ranar Alhamis yaran suka ɗaure kayansu. "Ki ce su kwance jakar makaranta kawai. Sauran a bar su a ɗaure, ba za a daɗe ba in sha Allahu."

Bai ambace ni ba. Da ya gama ya rako ni har bakin titi, ya tsayar mini da mikrobas, yana tambayata ko na san inda zan sauka in kama jirgi. Na yi ta ba shi haƙuri har ya gaji, ya ce, "Malam, da mugunta ka yi da na ji zafi. Je ka, gobe kana da darasi." Na isa Darrasa ana sallar isha'i. Abokan ɗakina suka tare ni da tambayar wa ya ci, na ce su bar ni sai da safe.

Na ga Nilu da hazo, na ga hamada, na ga motoci masu gudun da ido ba ya iya bi, amma ba su na dawo da su ba. Shekara huɗu ina zaune gaban malamai suna nanata mana cewa "ban sani ba" rabin ilimi ne, kuma babu mai haɗari kamar wanda ya san abu kaɗan ya ɗauka ya san duka. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki. Sai ga shi na yi wa taya fatawa da ilimin shagon faci, na kusa halaka mutum, na raba 'ya'ya uku da ubansu na wasu watanni. Kyakkyawar niyya ce ta kai ni, kuma ba ta rage komai daga asarar ba. Na kuma ga irin karar da mutum zai yi wa baƙonsa a ranar da ya rasa abin da ya shekara yana nema, abin da ban tabbata ni zan iya ba.

Tun ranar Lahadi, idan na tashi daga darasi, Faisal nake wucewa. Mu ɗalibai idan akwai abin da muka ƙware a kai bayan karatu, to neman gidan haya mai sauƙi ne, mun san dillalai, mun san masu gadin da ke jin labarin wanda zai tashi. Haj ya yarda zai tsaya wa Usta a wurin mai gida idan an samu. Amma wannan karon, kafin in taka ko'ina, sai da na je na tambayi Usta ko yana so in nema, da irin wanda yake so. Ya yi ɗan tunani, ya ce ɗaki biyu, kusa da makarantar firamare, kuma kada ya wuce hawa na uku, don matarsa tana fama da gwiwa.